Mai Kunun Zaƙi da Aka Hana Zaƙi

Da sunan Allah nake farawa. Sunana Hurera, amma a tashar Sule Tankarkar Inna Hure mai kunu ake ce mini. Shekara talatin da 'yan kai ina dama kunun zaƙi ina kaiwa gindin dalbejiyar bakin tasha. Karatuna bai wuce firamare ba, sai na yaƙi da jahilci da na ƙara bayan rasuwar maigidana. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa ya wuce. Na rubuta ne saboda masu ciwon suga, musamman waɗanda abincinsu ke fitowa daga tukunyar da aka hana su sha. Zan bi abin daki-daki, yadda ya faru.

Da farko a san cewa ni kaɗai ce a gida. 'Yata ɗaya, Saude, tana aure a Gumel. Ranar da ban fita tasha ba, ina iya wuni cur ban ji an kira sunana ba. A tasha kuwa tun hantsi 'yan acaɓa suke kewaye ni, wannan ya ce a ƙara ƙanƙara, wancan ya kawo ƙarar ɗan'uwansa in raba musu gardama. Kunun nan ba ciyar da ni kawai yake yi ba. Shi ne yake kawo mini mutane.

Ciwon ya soma da ƙishirwa da yawan zagayawa. Daga baya tafin ƙafata ya riƙa yi kamar ana tsira mini allura, idona kuma ya riƙa hazo. Maƙwabciyata Ladidi ta ce shawara ce, ta dafa mini garahuni. Wata ta ce shuwaka, wani ya aiko da ɓawon maɗaci. Duk na sha, don ba na raina abin da aka kawo da kyakkyawar niyya. Da ƙafar ta tsananta Saude ta zo ta ɗauke ni zuwa wani asibiti a Gumel. Mun isa rana ba ta fito sosai ba, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Aka soki yatsana, aka ce suga ne. Shekara biyu ina shan ƙwaya, sugan yana sauka yana hawa.

Saude ce ta zo da maganar wani tsarin cin abinci da ake kira kito. Ba tuwo, ba fura, ba shinkafa, ba dankali, ba sukari. Sai ƙwai, nama, kifi, man shanu, riɗi, da ganye irin su zogale da rama da kabeji. Na ce mata wannan abincin masu hali ne. Ta ce ita da mijinta za su taimaka, kuma sun taimaka, ni ma na sayar da akuyata. Ba mu fara ba sai da muka gaya wa likita. Ya yarda, ya rage mini ƙwayar da nake sha, ya ce in na haɗa cikakkiyar ƙwaya da wannan tsarin suga na iya faɗuwa ya kayar da ni. A riƙe wannan. Kada wanda ke shan magani ya fara kito da ka.

Tuwo bai ba ni wuya ba kamar yadda na zata. Saude ta koya mini tuƙa tuwon kabeji, abin da da a ce uwata na raye da ta ce an yi mini asiri. Zaƙi ne ya gagare ni. Sai Saude ta sayo mini wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi a kemis, ana jefa ɗaya a shayi ya yi zaƙi ba sukari. Da suka ƙare ban so in dame ta ba. Na je kasuwa na sayi sakarin, farin garin nan da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda. Ni da shekara talatin ban taɓa sa shi a kunun sayarwa ba, har ina tsawata wa masu sa shi, sai ga ni ina ɓoye shi a ƙasan kwalla.

Na fara da ɗan abin da kan tsinke zai ɗauka. Cikin wata uku na kai ina barbaɗawa da yatsa uku a zoɓo, a shayi, har a ruwan sha. Cikina ya riƙa kumbura. Ɗaci ya zauna mini a maƙogwaro, kaina yana sarawa. Mafi muni shi ne, duk sanda na sha abin zaƙin nan sai wata irin yunwa ta taso mini. Zan faɗi gaskiya tunda don gaskiya nake rubutun: sau da dama na shiga gidan Ladidi da sunan gaisuwa na kankare mata ƙanzon tukunya na cinye a tsaye.

Kunun sayarwa kuwa ban daina ɗanɗanawa ba, don babu yadda za a dama kunu ba a ɗanɗana ba. Ina ɗorawa a harshe in tofar, kamar yadda muke yi wa miya da azumi. Kunu yana fita daidai, ba wanda ya taɓa yin ƙorafi.

Da muka koma asibiti sugan ya hau. Likita ya dube ni ya ce, “Inna, me kike ci wanda ba ki gaya mini ba?”

Na kwance bakin zane na ajiye masa ƙullin a tebur. Ya juya shi, ya shinshina.

“Ni ban san abin da ke cikin nan ba. Ke kin sani?”

“Zaƙi ne.”

“Wanda ya ƙulla ma mai yiwuwa bai sani ba. Akwai masu shan na kemis su zauna lafiya. Amma ke na ga yana tayar miki da kwaɗayi. Ki bar shi duka, na kasuwa da na kemis. Ki bar harshenki ya manta.”

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ce ta zauna mini. Na ɗauke ta a matsayin magani, ban tsaya na yi tunanin abin da take nufi ga mai sana'a irin tawa ba. Shi ma bai san sana'ata ba, don bai tambaya ba, ni kuma ban faɗa ba.

Makon farko. Ina isa gida na zuba sauran ƙullin a masai, don ban yarda da kaina ba. Kwana huɗu kaina kamar zai tsage. Shayi ya zama ruwan zafi mai launi. Zoɓo ba zaƙi yana sa haƙora su mutu. Na yi faɗa da mai ƙanƙara a kan abin da bai kai a yi magana ba, na yi faɗa da kaji. Ba wanda zan gaya wa, don in na kira Saude hankalinta ne zai tashi.

Mako na biyu aka yi suna a gidan Ladidi. Aka ajiye mini lemon kwalba da cincin da alkaki. Na ce na gode, na ture gefe. Wata daga dangin mijinta ta ce, yadda zan ji, “Inna Hure ta zama Baturiya, sai ƙwai da kabeji.” Aka yi dariya. Ban zauna har a watse ba, don ƙamshin alkakin ya fi ƙarfina. Daga ranar maƙwabta suka daina aiko mini da kwano. Ba ƙiyayya ba ce, sun gaji da ganin ina mayarwa ne. Amma da kwanon ake yin sallama a tsaya a gaisa. Da ya daina zuwa, sallamar ma ta daina.

Mako na uku sauƙi ya zo. Ciki ya saɓe, kai ya daina sara, yunwar nan ta kwanta. Sai na fara jin abin mamaki. Na tauna ɗanyen kabeji na ji zaƙi. Soyayyiyar albasa ta zama kamar alewa. Gyaɗa ma ashe zaƙi gare ta. Na yi ta godiya ga Allah.

A makon nan ne na yi kuskuren da ya sa nake wannan rubutu. Da safe na tace kunu, na zuba sukari yadda hannuna ya saba, na ɗora a harshe. Zaƙi ya doke ni har zuciyata ta tashi. Na ce hannuna ne ya zarce, na ƙara ruwa. Washegari na rage sukari, na ɗanɗana, har yanzu ya yi yawa. Na je na samu mai sayar mini da sukari na ce ya canja kaya bai gaya mini ba. Ya rantse buhun nan ne dai. Ban yarda ba. Shekara talatin harshena bai taɓa yi mini ƙarya ba, don me zan gaskata ɗan kasuwa in ƙaryata shi?

Mako na huɗu na sake ragewa. Har busasshen dankalin da ake niƙawa da gero na rage.

Daga nan mutane suka fara janyewa. Ba rana ɗaya suka tafi ba. Isuhu, wani ɗan acaɓa da ya fi shekara goma yana shan kofi biyu kullum, ya koma ɗaya, ya koma rabi. Daga baya sai ya tsaya daga nesa ya cire hula ya ce, “Inna, barka da rana, yau na ƙoshi.” Jim kaɗan in hango shi a tsallaken titi wurin mai zoɓo. Sauran ma haka. Gaisuwa ba ta ragu ba, ladabi ma ƙaruwa ya yi. Amma bencin da ke gabana ya zama ba kowa, ga shi ana tsakiyar bazara, lokacin da a da kafin la'asar na kife jarka.

Na zauna na yi wa abin fassara, na fassara shi ba daidai ba. Kito ya ramar da ni, wuyana ya fito, zobena yana zamewa. Na ce tsorona suke ji, sun ɗauka wata cuta ce da ake ɗauka a kofi. Na sayi sababbin kofuna. Na riƙa wanke su da sabulu sau uku a gaban jama'a. Na koma sa babban hijabi cikin zafin nan don kada a ga ramata. Duk wanda ya wuce ban ƙara kiransa ba, don ba na roƙon mutum ya sha abina. Na ɗaure fuska, su kuma suka ƙara nisa.

Mako na shida muka koma asibiti. Layin ranar ya fi na kullum, wata tsohuwa daga Gagarawa ta suma a gabana kafin a kira ta. Da aka auna ni likita ya yi murmushi ya juya wa Saude takardar. Ya ce tunda ya fara ganina bai ga suga ya zauna haka ba. Ƙafata ta yi sauƙi, ina iya zura zare a allura. Na gode masa, kuma har gobe ina gode masa. Amma a mota Saude ta ga fuskata ba walwala.

“Inna, mene ne?”

“Ba a shan kununa.”

“To ki bari mana. Kin yi mai isarki. Ki dawo wurinmu, ga ɗaki.”

Na san ɗakin. Yana kallon na surukina. Zan wuni a ciki ina kaffa-kaffa, shi yana jin kunyata ina jin tasa, ita tana wurin aiki. Za a ciyar da ni, za a auna ni, ba wanda zai kawo mini gardama in raba. Duk da haka na ce mata in mako biyu suka ƙara wucewa a haka, ta zo da mota.

Mako na bakwai, ranar Laraba, ina zaune ina korar ƙuda daga kan jarka, sai na ji an ce, “Ina baiwar gidanmu? Ko an sayar da ita ban karɓi kasona ba?”

Ɗanladi ne, ɗan kawuna, taubashina. A Ɗanzomo yake, yana kai awaki kasuwar Maigatari, yakan biyo ta wurina in hanya ta kawo shi. Tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna magana mai daɗi ba.

“Ga ni nan, bawa. Awakin ne suka sako ka?”

“Subhanallahi. Hurera, ke ce kika koma kamar muciya? Zuba mini in sha, ko na samu ladan ciniki da marasa galihu.”

Na zuba masa. Ya kurɓa, ya tsaya, ya furzar a ƙasa.

“Wa ya rasu aka dama wannan?”

“Ka kiyaye ni, Ɗanladi.”

“Ruwan wankin ƙwarya kike sayarwa? Ina sukarin? Ko adashi kika zuba da shi?”

Na fizge kofin na ɗora a harshe na tofar. Na ce, “Zaƙi kamar zuma. Goro ya kashe maka baki.”

Ya juya ya ƙwala wa Isuhu kira daga tsallake. Isuhu ya zo ya durƙusa.

“Kai, tsakaninka da Allah, kunun nan yana shawuwa?”

Isuhu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. “Baba, ai Inna ce.”

“Ban tambaye ka ko wace ce ba, na fi ka saninta. Da daɗi ko babu?”

“To... da ɗan sauran zaƙi dai, Baba.”

“Tun yaushe?”

“Ya kai wata.”

Na ce, “Wata guda, Isuhu? Me ya hana ka faɗa mini?”

“Inna, wa zai dube ki ya ce kununki lami ne? Mun zata tsadar sukari ce. Muka ce kada mu kunyata ki.”

Sauran sun taru suna jin mu, ba mai dariya sai Ɗanladi. Ni kuwa ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Wata guda ina wanke kofi ina zargin bayin Allah da gudun mara lafiya, su kuma suna rufa mini asirin talaucin da ba shi ne ba. A garin nan kaf mutum ɗaya ne al'ada ta ba shi izinin ya gaya mini magana a fuska, shi kuma sai bayan wata biyu yake biyowa.

Ɗanladi ya ce, “Bakinki ya lalace, Hurera.”

Na ce, “Warkewa ya yi.”

“To warkewar ta kashe miki kasuwa.”

Da na koma gida na jera abin a raina. Hanya uku ce. Ta ɗaya, in koma shan zaƙi harshena ya dawo yadda yake, ciwo ya dawo tare da shi. Ta biyu, in kife jarka in tafi Gumel. Ta uku, in dama kunun da ba zan iya sanin daɗinsa ba. Ba zan ɓoye ba, da la'asar ɗin nan na je har gaban mai sakarin na tsaya. Ya ce, “Inna, na nawa?” Na ce barkono na zo saya.

Matsalar hanya ta uku ita ce ban taɓa samun ma'auni ba. Uwata da hannu da harshe ta koya mini, ni ma haka na yi ta yi. In aka tambaye ni ludayi nawa nake zubawa, ban sani ba.

Na aika aka gaya wa Ɗanladi in ya taso daga Maigatari ya kwana a garinmu. Ya zo ranar Juma'a da safe yana mita wai an mai da shi bawan gaske. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Na auna gero da mudu, na auna ruwa da bokiti, na ajiye littafi da biro a gefe. Na zuba sukari ludayi ɗaya, na juya, na miƙa masa.

“Ƙara.”

Na ƙara.

“Ƙara. Na ubanki ne da kike jin ciwonsa?”

A ludayi na biyar na ɗanɗana, na ji kamar zan amayar. Na ce ya isa haka.

“Wa aka kira, ni ko ke? Ƙara.”

Na ci gaba da zubawa. Sai a na tara ya rufe ido. Sannan ya ce, “Tsaya nan. Wannan ne yake sa ni biyowa ta garinku. Da kin zata fuskarki ce?”

Na rubuta. Ya shanye kofi uku, ya ce a rubuta har da ladan ɗanɗano, ya hau mota ya tafi. Gidan ya koma shiru.

Yau wata biyar ke nan. Sugana yana zaune, ban ƙara sa zaƙi a bakina ba, kuma ban je Gumel ba. Isuhu ya dawo, da wasu. Wasu sun riga sun saba da tsallaken titi, ban ga laifinsu ba. Bencin yana cika rabi. Ina gode wa likita, ina gode wa Saude da mijinta. Ɗanladi ba zan gode masa a rubuce ba, kada kansa ya kumbura. 'Yan tasha kuwa ina ƙaunarsu, amma ina da ƙorafi a kansu: kunyarsu ta kusa raba ni da gidana.

Ga abin da nake so a ɗauka. Kada a sayi zaƙin da ba a san abin da ke cikinsa ba. In likita ya hana ka abu, ka gaya masa sana'arka ko bai tambaya ba. Wadda kuma take dafa wa wasu, in za ta bar zaƙi, ta auna komai ta rubuta tun harshenta yana tare da na mutane. Bayan mako uku ba za ta ƙara jin abin da suke ji ba.

Ma'aunin ma ba ya cika aiki. Wani dankalin ya fi wani zaƙi, geron bana ba na bara ba ne. Kullum ina zuba ludayi tara, in rufe jarka, in ɗauka zuwa tasha ban san me na dama ba. In na tambayi su Isuhu, cewa za su yi ya yi, ko ya yi ko bai yi ba.

Ranar kasuwar da ta wuce wata mata ta sauko daga mota da goyo, daga maganarta na gane mutuniyar Damagaram ce. Ta tsaya a gabana tana share gumi.

“Iya, kunun naki da daɗi?”

A da, da na ce mata ta tambayi duk tashar nan. Na dubi jarkar na ce, “Ban sani ba, 'yar nan. Ni na dama, amma ban sani ba. Ki sha ki gaya mini, kuma kada ki ji kunyata.”

Ta yi dariya, ta zata wasa nake. Ta karɓa ta kafa kai. Kafin ta sauke kofin direba ya danna oda, ta ajiye mini kuɗi a kan benci ta ruga tana gyara goyo. Na ɗauki kofin na leƙa. Ta shanye tas, amma ranar ana zafi ƙwarai.